Amsa kan gyaran cikin komin tantin kamun kifi a ƙanƙara

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka sayi tantin nan mai naɗuwa da ke ɗaure a jikin komin roba, na mutum biyu, za ka riƙa fita da shi kamun kifi a kan daskararrun tafkunan jihar Minesota ta Amurka, da hannu kake ja, kuma kana son ka shimfiɗa katako a ciki, ka yi akwatuna, ka sa fitilu, don kayanka su daina cakuɗewa. Shawarata a taƙaice: ka yi gyara marar nauyi wanda za ka iya cirewa gaba ɗaya, kada ka mayar da komin kabad.

Nauyin ne babbar magana. Irin wannan tanti na mutum biyu, ko na kamfanin Clam ne ko Otter ko Eskimo, galibi yakan kai kilo 35 zuwa 55 tun ba a sa masa komai ba. Ka ɗora injin huda ƙanƙara, da hita, da gas, da batir, da bokitin ƙananan kifin tarko, ka ga ka tasar wa kilo 80. Cikakken fallen filawud mai kaurin inci uku bisa huɗu shi kaɗai ya kusa kilo 30. A kan ƙanƙara mai santsi ba za ka ji ba, amma ranar da dusar ƙanƙara ta kai ƙwauri, ko ka faɗa wurin da ruwa ya taso ya cakuɗa da ita, kowane kilo sai ka ji shi a ƙugunka. Kuma kai ne za ka ɗaga shi zuwa bayan mota. Saboda haka ka tsaya a rabin inci don murfi da duk inda za a taka, kwata inci don bangon da ke raba ɗakuna. Firam ɗin kuma ka yi shi da alminiyom mai kusurwa, inci ɗaya, ko siraran katako. Idan duk abin da ka ƙara ya wuce kilo 10 zuwa 12, ka rage wani abu.

Kafin ka yanka komai, ka naɗe tantin, ka dubi inda sandunansa da yadinsa suke kwanciya. Nan ne mutane da yawa suke tafka asara: su gama akwati mai kyau, su zo rufewa sandunan su tokare a kansa, rigar da ake lulluɓe komin da ita ta ƙi shiga. Ka ja layi da alli a jikin robar daidai inda sanda mafi ƙasa ta tsaya, ka sauka inci ɗaya, wannan shi ne iyakar tsayin ginin naka. Ka kuma zame kujerar gaba da baya har ƙarshe ka ga hanyarta. Sannan bangon komin ba a miƙe yake ba, samansa ya fi ƙasansa faɗi, goshinsa kuma a lanƙwashe yake, don haka awo da tef kaɗai zai yaudare ka. Ka yanka kwali ka gwada, ka rage, ka sake gwadawa har ya zauna, sannan ka zana shi a kan katakon.

Robar komin nau'in foliyetilin ce, gam ba ya kama ta. Duk abin da ka manna zai ɓare da sanyin farko, har da fitilun da ke zuwa da gam a bayansu. Sukurun katako ma ba ya daɗewa a jikinta, girgizar hanya za ta faɗaɗa ramin ya zare. Noti mai ratsawa za ka sa, na ƙarfen da ba ya tsatsa, kwata inci, da faffadar wosha ciki da waje, da kan noti mai roba a ciki wanda ba ya warwarewa. Faɗin woshar shi ke hana robar tsagewa idan ta yi tauri a sanyi. Ka ɗaura da hannu a hankali, domin irin wannan ƙarfe idan aka matsa shi da inji da sauri yakan cije, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Ramin kuma ka huda shi ya ɗan fi notin faɗi. Dalili shi ne robar tana tsukewa da sanyi fiye da katako da alminiyom nesa ba kusa ba: komi mai tsawon mita ɗaya da rabi da ka yi wa aiki a gareji mai ɗumi, idan ya fita sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, zai iya raguwa da milimita 6 zuwa 10. Idan babu wurin motsi, ko katakon ya bankare ko robar ta tsage daga bakin rami. Don haka ma ka bar tazarar kwata inci tsakanin bakin katako da bango.

Duk hudar da za ka yi, ka yi ta a leɓen sama ko can saman bango. Kada ka huda ƙasan komin wai don ruwa ya fita, ta nan ruwan zai shigo idan ka ratsa caɓi, ya daskare a ƙarƙashin katakonka. Hudar ƙasa ɗaya ce ke da dalili, ta dogayen robobin da ake ɗaura wa gindinsa don kada tsakuwa da kwaltar bakin tafki su cinye shi. Su za ka fara sawa kafin komai, ka cike bakin kowane rami da silikon, ka kuma bar hanyar kai hannu ga notinsu, tunda sukan buƙaci ƙarin matsi bayan fita biyu ko uku.

Game da tsarin ciki, kaya masu nauyi, wato batir da gas da bokiti, su zauna daga tsakiya zuwa baya, domin goshin komin ya ɗago ya hau dusa maimakon ya yi ta huɗar ta kamar garma. Dama da hagu kuma su daidaita, in ba haka ba zai riƙa karkacewa yana fizgar ka. Bokiti mai lita 19 ka yanka masa zagaye a murfin katakon ya nutse ciki, shi ke nan ba zai kife ba. Sandunan fatsa na ƙanƙara gajeru ne, yawanci inci 24 zuwa 36, kuma bakinsu ne ke fara karyewa. Fayif ɗin PVC mai faɗin inci ɗaya da rabi, a yanka masa tsaga inda abin naɗe zare zai zauna, a kwantar da shi a jikin bango, ya wadatar. Injin huda ƙanƙara ka yi masa mazauni biyu masu siffar V da igiyar roba mai ɗaurewa, kuma kada ya shiga komin sai da murfin wuƙaƙensa, don wuƙar tana yanka yadin tanti a taɓawa ɗaya, ita ma tana dakushewa idan tana bugun ƙarfe. Na'urar ganin kifi ka ba ta aljihu mai soso, ita ce ta fi tsada kuma ta fi ƙin girgiza.

Katakon ka shafa masa fenti ko banish hannu biyu ta kowane ɓangare, musamman bakin da zarto ya bi, ta nan yake shan ruwa ya kumbura ya rabu falle-falle. Ni ba na ba da shawarar kafet. Yana riƙe ruwa da ƙarnin kifi, ya daskare, kuma mai madaukai yana kama ƙugiya ka yi ta fama. Tabarmar soso irin ta ɗakin motsa jiki ta fi: ba ta shan ruwa, ba ta da nauyi, ana cire ta a wanke.

Wuta ba ta da wahala. Siririn layin fitilar LED na bolt 12, mai cin wat 4.8 a kowace mita, mita biyu sun haska tantin mutum biyu, suna jan amfiya 0.8, wato batir mai amfiya-awa 10 zai kai ka awa 12 ko kusa da haka. Ka ɗaure shi a sandar da ke saman kai da ƙananan maɗauran roba. Ka sa fiyus na amfiya 3 zuwa 5 dab da kan batir, kafin makunni. Wayar ta bi ta wajen da sandar ke juyawa da ɗan rara, kuma ta zama mai silili da yawa, don mai tauri tana karyewa a wurin naɗi. Batirin lithiyam ya fi na dalma sauƙin ɗauka sosai, amma ba a yi masa caji idan sanyinsa ya kai ƙasa da sifili, yana lalacewa. Ka yi masa mahaɗi mai zarewa, ka shiga da shi ɗaki ya yi ɗumi kafin ka jona.

Maganar gas ce nake roƙonka ka ɗauka da muhimmanci. Gas ɗin furofen ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasan komin yake taruwa, komin kuma ba shi da mafita. Kada ka haɗa tukunyar gas da batir ko makunni a rufaffen akwati ɗaya. Tukunyar ta tsaya a tsaye, a ɗaure, a buɗaɗɗen wuri, kuma ka kwance ta daga hita kafin ka ja. Hitar Buddy da yawancin mutane ke amfani da ita tana buƙatar sarari inci 30 ta sama, 24 ta gaba, 6 ta gefe, saboda haka kada ka gina mata gurbi a cikin katako, ka ajiye ta a fili nesa da yadin. Abin da ke kashe ta idan iskar shaƙa ta ragu ba ya maye gurbin na'urar gano kabon monoksaid, iskar nan da ba ta da wari kuma take kashe mutum yana zaune. Ka sayi na'urar mai batir ka rataye daidai kanka idan kana zaune, tagogin iska na tantin kuma su kasance a buɗe muddin hita na ci.

Abu na ƙarshe, kaurin inci 4 na sabuwar ƙanƙara garau shi ne abin da hukumar albarkatun ƙasa ta Minesota ke cewa mafi ƙaranci ga mai tafiya a ƙasa, farar ƙanƙara kuma a ninka. Da komi mai kilo 80 da mutum biyu a wuri ɗaya, ka jira ta fi haka kauri. Ƙarafan ceton kai da ake cakawa a ƙanƙara kuma a wuyanka za su kasance, kada ka yi musu akwati a cikin komin. Idan ka turo tsawo da faɗi da zurfin naka, da irin kujerar da ke ciki, sai a lissafa maka yankan katakon. Allah Ya tsare, Ya ba da sa'a.