Shin muradun ci gaba mai ɗorewa doka ce a kan ƙasashe?

Malam, ka tambaya ko muradun ci gaba mai ɗorewa, wato manufofin duniya irin su kawar da talauci da yunwa, doka ce da ta hau kan ƙasashe, da kuma yadda aka cimma su. Ba doka ba ce, alkawari ne na siyasa da ƙasashe 193 na Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da shi a watan Satumbar 2015, kuma babu kotun da za ta hukunta wadda ta gaza cika shi kafin 2030.

Maganar ta faro ne a taron Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin Rio na ƙasar Brazil a 2012. Daga nan aka kafa kwamiti mai kujeru 30, amma saboda yawan masu son shiga, sai ƙasashe biyu zuwa huɗu suka riƙa raba kujera ɗaya, abin da a ganina ya sassauta tsohon ɓangaranci. Kwamitin ya gabatar da muradu 17 da ƙananan manufofi 169 a ƙarƙashinsu a 2014, sannan jakadun Kenya da Ireland suka jagoranci zagayen ƙarshe na tattaunawar. Inda aka fi kai ruwa rana shi ne batun kuɗi, domin ƙasashe masu tasowa sun dage cewa masu arziki su ɗauki kaso mafi nauyi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa waɗannan muradu da yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi, wadda aka kammala daban a watan Disambar 2015. Idan rubutun bincike kake yi, ka nemi malamin dokokin ƙasa da ƙasa ya fayyace maka bambancin ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya, irin wanda aka amince da waɗannan muradu ta hanyarsa, da yarjejeniya irin ta Paris.