Me ya sa likita ya bar fatar cikin yaron a buɗe?

Tambaya: Likita, ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin haihuwa. An yi wa ɗan yayata mai shekara 9 tiyata bayan zazzaɓin taifot ya huda masa hanji. Yau kwana 3, fatar cikin tana buɗe, auduga kawai aka cusa. Dangi sun ce likitan bai gama aikinsa ba, suna so a kai shi wurin wani mai kemis ya ɗinke. Hankalina ya tashi, don ni ma ban saba ganin haka ba.

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, cikin yaron a rufe yake. An ɗinke tantanin nan mai ƙarfi da ke riƙe da hanji, fata da kitsen ƙarƙashinta kaɗai aka bari, kuma da gangan. Dalili kuwa, kashi daga hanjin da ya huje ya taɓa wurin, kitse kuwa ba shi da jinin kirki da zai kai masa magani. Ana wanke shi kullum da ruwan gishirin asibiti, in ya yi ja babu mugunya sai a haɗa shi, galibi tsakanin kwana 3 zuwa 5. Wasu likitocin kan ɗinke nan take da tazara tsakanin zare, shi ma ba laifi ba ne. Likitan da ya ga cikin, shi ke yanke hukunci.

Maganar mai kemis ita ta dame ni. Mutanenmu sun ɗauka ɗinki shi ne warkewa, muddin ido bai ga rami ba to an gama. Sai a sa hannu a takardar sallama, a tafi da yaro cikin dare, wani mai farar riga ya ɓare kafso ya barbaɗa a ciwon, ya tamke fatar tsam, ya karɓi kuɗinsa. Dangi su yi ta sa masa albarka. Bayan kwana huɗu a dawo mana da yaron jiki zafi zau, ɗinkin ya kumbura yana sheƙi. Ka cire zare ɗaya, mugunya ta yi tsartuwa har kan rigarka. In ta riga ta ci zaren da aka ɗinke tantanin da shi, tari ɗaya ya isa hanji ya leƙo waje. A lokacin mai kemis ya kashe waya. Garin kafso ba ya kashe abin da ke cikin rufaffen rami, gashi da ruwan zafi ma haka, allurar kashe ƙwayoyin cuta goma ba ta maye gurbin ƙofar da mugunya za ta fita. Ke kanki kin san ba a ɗinke maruru, sai dai a tsaga shi.

Mu ma da namu laifin. Binciken ChEETAh da aka fitar a 2022, wanda asibitocin Nijeriya da Gana suka shiga, ya nuna sauya safar hannu da kayan aiki kafin rufe ciki yana rage ruɓewar ɗinki daga kusan 19 cikin 100 zuwa 16. Safar hannu da kayan aiki ne fa kawai, amma har yau akwai inda sai an yi rigima da sito kafin a ba da ƙari.

Tunda ke ce idon gidan, ki lura da abu uku: zazzaɓi da ya dawo, ruwa mai warin kashi daga ciwon, da ruwa ja-ja mai yawa da ya jiƙa auduga farat ɗaya. Na ƙarshen nan alamar tantanin ya fara saki ce, a kira likita ko da ƙarfe biyun dare ne. Da zarar an ba shi izinin cin abinci a dage da ƙwai, wake da kifi, a kuma duba jininsa. Gobe da safe ki kawo mahaifinsa ya tsaya a gaban likitan, a buɗe audugar ya gani da idonsa.