Ɗana Sai Kwance Rediyo da Haɗa Motar Gwangwani: Gareji ko Makaranta?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ɗana mai shekara 12 ba ya ganin rediyo ko tocila ya bar ta a ɗaure. Kullum yana tsince-tsincen gwangwanaye da tsofaffin silifa yana haɗa motoci, kwanan nan ma ya haɗa 'yar fanka da injin tsohuwar rakoda. Amma lissafi a makaranta sai a hankali. Mahaifinsa ya ce a kai shi gareji tunda boko bai karɓe shi ba, ni kuma ina ganin injiniya zai zama. Me za ka ba mu shawara? Daga wata uwa a Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya shi, ya sa masa albarka.

Abin da ake kira ɓarna a gida, mu a wajen aiki da kuɗi ake nemansa. Ki zauna kusa da shi wata rana ki kalli yadda yake yanka taya daga silifa. In ramin tsakiya ya ɗan kauce, motar za ta riƙa ɗingishi, sai ya cire ya sake hudawa. In karan da ya riƙe tayoyin ya matse, ba za ta gungura ba, sai ya buɗa ramin ko ya goga sabulu. Ya jera batir biyu kai da gindi, fanka ta ƙara gudu. Ya sauya wayoyin, ta juya da baya. Duk waɗannan darussa ne da muke koyarwa a aji da manyan sunaye, shi kuwa hannunsa ya riga ya san su. A ɗakin gwaji ba na shan wahalar gane ɗaliban da suka taso haka: abu ya ƙi aiki, su ba sa tsorata, sukundireba suke nema.

Rashin kayan aiki ma malami ne. Marigayi Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya fito ne daga gidan maginan tukwane. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan na bushewa yana janye zafi, tumatir da gauta su daɗe ba su lalace ba, babu wutar lantarki. Wannan ya kai shi ga lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Jelani Aliyu kuma, da ya taso a Sakkwato yana zanen motoci, ya karanci zanen gine-gine a Birnin Kebbi, ya wuce Detroit a Amurka, har ya zana siffar motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors.

Sai dai maigidan naki ya taɓo inda ke ciwo. Bakanike yana gyara abin da aka riga aka ƙera, kuma sana'a ce mai daraja. Injiniya kuwa dole ya san ko abu zai ɗauki nauyi tun kafin a sayi rodi ko a zuba kankare, kuma lissafi ne kaɗai ke ba shi wannan amsa. Ba a shiga karatun injiniya sai da kiredit a lissafi, fiziks, kemistiri da Turanci, kuma su ne dai zai rubuta a JAMB. Digirin shekara 5 ne. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri nan Daura, ga Kwalejin Hassan Usman a Katsina, ga ABU Zariya da BUK, amma babu wadda za ta ɗauke shi don ya iya haɗa fanka.

A shekara 12 ba a yanke hukuncin cewa boko bai karɓi yaro ba. Yawancin irinsa ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, ba a taɓa nuna masu inda lissafin allo ya haɗu da abin da ke hannunsu ba ne. Ki saya masa rula, tef ɗin awo da littafi guda. Sharaɗi ɗaya: kada ya yanka komai sai ya zana shi, ya rubuta awonsa. In faɗin tayarsa daga baki zuwa baki ta tsakiya santimita 7 ne, juyi ɗaya zai ci santimita 22. To ya gaya maki juyi nawa za ta yi daga zaure zuwa ƙofar ɗakinki, sannan a gungura a gani. Ranar da lissafinsa ya faɗi daidai kafin motar ta motsa, ba sai an kora shi aji da bulala ba.

Gareji kuma a kai shi, amma lokacin hutu, wajen ogan da kuka yarda da tarbiyyarsa, ba a madadin makaranta ba.

Sannan don Allah a sa ido kan abin da yake kwancewa. Batir na tocila ba matsala. Amma kada ya taɓa duk abin da ke jone da wutar NEPA, kada ya buɗe tsohuwar talabijin domin tana riƙe wuta ko bayan an cire ta daga soket, kuma kada ya huda batirin waya, yana iya kamawa da wuta a hannunsa.