Na samu takarda 47 cikin 200, in cike sauran da hannuna?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a aji biyar, sashen tattalin arzikin noma a nan Sakkwato. Furojet ɗina a kan asarar da manoman albasa ke yi ne wajen ajiya. Malamin da ke duba aikina ya ce in raba takardun tambayoyi 200 a Goronyo da Gada. Na samu 47 da manoma suka amsa, sai kuɗin mota ya ƙare, a gida kuma an hana ni komawa ƙauyukan saboda halin tsaro. Saura mako shida a rufe karɓar kundi. Abokaina sun ce kowa a ɗaki yake cike sauran, har akwai wani a shagon buga takardu da ke haɗa wa mutum babi na huɗu, babin sakamakon bincike, lissafi ya fito "siginifikan", wato ya nuna akwai alaƙa tsakanin abubuwan da aka gwada. Sun ce ai ba mai karanta furojet ɗin digirin farko. Wallahi barci ya gagare ni, ina tsoron in maimaita shekara. Mene ne mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗana, kwantar da hankalinka, takarda 47 ba za ta sa ka maimaita shekara ba. Abin da zai iya jawo maka wannan, har ma da abin da ya fi shi muni, shi ne 153 ɗin da ake zuga ka ka cike a ɗaki. Iyayenka kuma sun yi daidai. Gabashin jihar nan ya sha fama da 'yan bindiga, babu kundin da ya kai ran mutum.

Wannan 200 ɗin ba wahayi ba ne. Sassan jami'a da yawa sun riƙe lissafin yawan mutanen da za a tambaya ne na masanin ƙididdiga Yamane, na 1967, wanda in jama'ar da ake bincike a kansu suna da yawa yake ba da kusan 400, sai malami ya ji tausayi ya raba biyu. Ma'anar adadin ita ce girman kuskuren da za a lamunta. Da mutum 400 kuskuren yana wajen kashi 5 cikin ɗari sama ko ƙasa, da 200 wajen kashi 7, da 47 ɗinka wajen kashi 14, in har an zaɓo mutanen yadda ya kamata. Wato aikinka bai mutu ba, sai dai bakinsa ya ragu: ba za ka ce "manoman albasar jihar Sakkwato" ba, za ka ce "manoman da aka tattauna da su a ƙauyuka kaza". Abin da ke ɓata mini rai shi ne a ɗora wa yaro adadin da ko mai digiri na biyu sai ya yi gumi, ba a ba shi ko kwabo na mota ba, ba a tambayi ko hanyar tana biyuwa ba, sannan a yi mamaki in ya kawo ƙarya. Mu malamai muna da namu kason a wannan ɓarna.

Amma bari in tsaya a kan maganar abokanka, domin ita nake ji kullum a ofis, har ta zama kamar karatun da ake gadar wa 'yan baya: wai cike takarda a ɗaki ba komai ba ne, tunda ba mai ganewa kuma ba mai karantawa. Duka biyun ƙarya ne.

Ana ganewa, cikin minti kaɗan ma. Takardar da ta je ƙauye tana dawowa da ƙura, da lanƙwasa, da gurbin da manomi ya ƙi amsawa, musamman tambayar nawa ya samu bara. Wadda aka cike a ɗakin kwanan ɗalibai tana zuwa fes, biro ɗaya, hannu ɗaya, ba gurbi ko guda. Tambayi dattijo a ƙauye shekarunsa, zai ce arba'in, ko hamsin, ko sittin da biyar; shekarun gaskiya suna taruwa ne a kan sifili da biyar, domin mutanenmu kintata suke yi. Mai ƙirƙira kuwa yana tsoron a gane shi, sai ya bi ya watsa 37, 43, 52, 61, nan take ya tona kansa. Manomi da buhu yake lissafin albasarsa, gonarsa kuma bai taɓa auna ta da hekta ba, amma sai ka ga takarda ɗari da hamsin kowa ya san gonarsa hekta 2.5 ce, asararsa kilo kaza. Ranar kare kundi kuma mai jarrabawa na waje ba sai ya buɗe babi na huɗu ba. Zai tambaye ka ne wa ya kai ka wurin sarkin noma, wace rana kasuwar garin ke ci, da me suke shimfiɗa ƙasan rudu, wato ma'ajiyar albasa ta gargajiya, kafin su zuba albasa. Wanda ya je zai amsa yana murmushi. Wanda bai je ba, a nan gumi ke karyo masa, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne.

Batun ba mai karantawa kuwa, je ka ɗakin karatu na sashenku ka ga kundayen da suka fi tsufa da yagewa. Na digirin farko ne. Kai kanka daga ina ka samo babi na biyu, na bitar ayyukan da suka gabata? Ɗalibin baɗi zai ɗauki alƙaluman da ka ƙirƙira ya ce "wane ya gano", mai digiri na biyu ya ɗauka daga wurinsa, wani ya mayar da shi maƙala a mujalla, daga nan sai ka tsince shi a rahoton wata ƙungiya da ke shirin gina wa manoma rumbun ajiya. Ƙaryar da aka yi cikin dare ɗaya ta zama abin da ake yanke hukunci da shi a kan mutanen da suka bar aikinsu a fadama suka zauna suka amsa maka tambaya. Kuma majalisar jami'a tana da ikon janye digiri in aka gano maguɗi, ko da bayan an gama bautar ƙasa.

Shi kuma mutumin shagon, ba masanin lissafi ba ne, ɗan kasuwa ne da ya iya danna SPSS, manhajar lissafin alƙaluman bincike. Yana da fayil guda da yake sauya wa suna, yau albasar Goronyo, gobe shinkafar Wurno, jibi matan da ke zuwa awo. Abin da yake sayarwa shi ne tsoron da ke zuciyarku, cewa in adadin da manhajar ke fitarwa bai faɗo ƙasa da 0.05 ba, wato bai fito "siginifikan" ba, aikin ya lalace. Wa ya gaya muku haka? In ka gwada ka ga ilimin boko na manomi ba shi da alaƙa da yawan albasar da ke ruɓe masa, to ka gano wani abu, watakila matsalar zafin Afrilu ce da ke haura digiri 40, da laimar damina, da rashin iska a wurin ajiya. Ba a ba da maki don hasashenka ya tabbata. Ana bayarwa ne don ka bi hanya sahihiya kuma ka iya bayyana abin da ka samu. Haka nan ka kiyayi sa ChatGPT ya jero maka manazarta, yana ƙirƙiro sunan marubuci da mujallar da babu su a duniya, mai dubawa kuma yana iya bincikawa a wayarsa kana tsaye.

Ka tuna a garin da kake karatu. Jami'ar da aka kafa a nan a 1975 sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo take ɗauke da shi, ɗaya daga cikin malaman da suka bar mana rubuce-rubuce suna faɗin daga wa suka karɓi kowace magana. Kuma hadisi ya inganta a Sahihu Muslim cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Algus a buhun hatsi da algus a babi na huɗu duk abu guda ne, kuma da takardar digirin nan za ka nemi abincin da za ka ciyar da iyalinka.

To, ga abin yi. Gobe ka ɗauki takardunka 47 a hannu ka je wurin malaminka, kada ka aika saƙon waya. Ka gaya masa gaskiya game da kuɗi da tsaro, ka nemi izinin sauya wurin bincike ko ƙara wani. Fadamar Kwalkwalawa tana kan hanyar mazaunin jami'a na dindindin, ga Kware, ga Wamakko, duk ana noman rani kuma kuɗin zuwa kaɗan ne. Mako biyu kana samun mutum biyar a rana, ka haura ɗari. Ka ƙara da doguwar hira da dillalan albasa huɗu ko biyar, su ne suka san watan da farashi ke tashi da abin da buhu ke ragewa kafin lokacin. Ka gyara babi na uku, na hanyar gudanar da bincike, ya faɗi ainihin abin da ka yi, a babi na biyar ka rubuta ƙarara cewa rashin tsaro ya taƙaita aikin. In malamin ya kafe sai 200 daga Goronyo da Gada, ka kai maganar ga mai kula da furojet na sashe ko shugaban sashe, cikin ladabi kuma a rubuce. Takardun asali kuma ka adana su a leda, kada ka yar ko ɗaya sai sakamakonka ya fito, domin ana iya cewa ka kawo su ranar kare kundi.