Ƙwaro Ya Shiga Hatsi: Amsoshin Tambayoyinku

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da zafi ya fara shigowa kusan duk saƙon da na buɗe maganar ɗaya ce, ƙwaro a wake, ƙwaro a masara, ƙwaro a gari. Kuma ba abin mamaki bane, zafin Maris da Afrilu na Gombe shine daidai yanayin da ƙwaron hatsi yake hayayyafa da sauri, abin da aka ajiye tun kaka yanzu ne yake nuna halinsa. Ga waɗanda na zaɓo na wannan watan.

TAMBAYA: Malam dan Allah a taimaka min. Rabin buhun wake maigida ya siyo mana a Tudun Hatsi tun watan Disamba, wake mai kyau fari tas babu huji ko ɗaya, na ajiye a sito kuma wallahi siton nan kullum a share yake. Jiya na buɗe sai ga ƙwari suna ta tashi, waken duk ya huhhuje ga wasu fararen ɗigo-ɗigo a jikinsa. Daga ina suka shigo? Kuma zamu iya ci ko zubarwa zanyi? Daga wata uwargida, Tumfure.

AMSA: Hajiya kada ki zargi sitonki, ba daga nan suka zo ba, tare da waken aka kawo su gidan. Ƙwaron wake tun a gona yake fara aikinsa lokacin da kwanson ya fara bushewa. Fararen ɗigon nan da kika gani ƙwayayensa ne, macen ke manna su a bayan waken, guda ɗaya tana iya yin ƙwai har kusan 100. In ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsar ba waje take fitowa ba, ta ƙasan ƙwan take hudawa ta shige cikin waken, a can take ci tana girma ba mai ganinta, shi yasa a kasuwa zaki ga wake sumul alhali da baƙo a cikinsa. Cikin sati uku zuwa huɗu in ana zafi ta zama ƙwaro, ya huda ƙofa zagayayya ya fito, to wannan hujin da kike gani hanyar fita ce ba ta shiga ba. Wanda ya fito kuma sati ɗaya zuwa biyu kawai yake a duniya, bai ma damu da ci ba, aikinsa ya yi ƙwai ya mutu. Kinga daga Disamba zuwa yau an yi zuri'a uku ko huɗu a buhun nan.

Batun ci kuwa, za ku iya ci, ƙwaron wake ba guba bane. In dai bai yi fumfuna ba, bai dunƙule ba, baya warin ruɓa, ki sheƙe shi ki tsince, wanda ya huje sosai ki yi ƙosai ko alale da shi tunda za'a surfa a wanke, marasa nauyin zasu taso saman ruwa ki kwashe. Amma yau ɗin nan ki ceci sauran. Ki samu baƙar leda mai faɗi ki shimfiɗa a tsakar gida, in da hali ki sa buhu ko busasshiyar ciyawa a ƙarƙashinta kada ƙasa ta shanye zafin, ki baza waken kada ya yi tudu, ki rufe da farar leda mai nuna ciki ki naɗe bakin ki danne da duwatsu. Daga ƙarfe 11 zuwa 3 na rana, ki bashi awa biyu ko fiye. Zafin da ke taruwa a ciki yana wuce digiri 57, kuma a wannan zafin awa ɗaya ta isa ta kashe ƙwai da tsutsa da uwar gaba ɗaya. In ya huce ki zuba a jarka, irin ta man gyaɗa mai lita 25 wadda aka wanke ta bushe ƙarau, ki cika ta har wuya kina jijjigawa, ki sa leda a bakin sannan ki murɗa murfin da kyau. Na girkin sati biyu ki ware shi daban a wata roba don kada ki riƙa buɗe jarkar kullum. Dan Allah banda jarkar da aka taɓa zuba fetur ko maganin feshi.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni manomi ne kuma ina ɗan taɓa saye da ajiya, yanzu haka ina da buhu 30 na wake ina jiran kuɗi ya tashi. Abokan sana'a sun ce in yayyafa Sniper in gauraya, wasu kuma sun ce in jefa ƙwayar maganin nan da ake ce wa bom a kowane buhu. Wanne ya fi? Siton a cikin gida yake jikin ɗakin yara. Daga Kumo.

AMSA: Alhaji na ji daɗi da ka tambaya kafin ka aikata, kuma zan gaya maka gaskiya ba kwana-kwana, kada ka yi ko ɗaya a cikin biyun nan.

Sniper sinadarin da ke cikinsa sunansa dichlorvos, shine dai wanda ake haɗa fiya-fiya da shi, ba'a yi shi don a zuba a kan abin da mutum zai ci ba. Yana taɓa jijiyoyin jiki, wanda ya sha shi da yawa zaka ga yawu na zuba, gumi, amai da gudawa, numfashi na sarƙewa. Wanda kuma yake cin kaɗan-kaɗan a abinci shi bai ma san yana ci ba. Saboda wannan sinadarin ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya ƙasashenta a 2015, don abin da suka riƙa samu a ciki ya zarce ƙa'idarsu nesa ba kusa ba. A 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da shaguna. Mu a Gombe ba labari ake bamu ba, a 2008 ɗalibai mata sama da 100 na wata makarantar kwana aka kwasa zuwa asibiti bayan sun ci wake, gwaji ya nuna maganin ƙwari ne a ciki, irin su gamalin. Waken da ka yayyafa wa magani a Kumo baka san tukunyar da zai faɗa ba, ƙila ta marayu, ƙila ta mai ciki, ƙila ma ya zagayo gidan 'yarka, wannan haƙƙi ne mai nauyi kuma ribar buhu 30 bata kai shi ba.

Shi kuma bom, wato Phostoxin, abin da ya fi tayar min da hankali a saƙonka shine ka ce siton jikin ɗakin yara yake. Ƙwayar nan da ta ji danshin iska sai ta fara fitar da iskar gas mai guba, wani lokacin a ji wari kamar tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, tana bi ta tsagar bango da ƙasan ƙofa da saman silin, mutum yana barci ta same shi, kuma ba ta da makari. Aikin ƙwararru ne, a sito mai nisa da inda mutane da dabbobi ke kwana, a lulluɓe da tamfol na kwanaki sannan a buɗe ya sha iska, a kuma binne tokar da ta rage. Jefa ta tsirara cikin buhun da iska ke ratsawa haɗari ne, ƙwaron ma ba duka zai mutu ba. In tsautsayi ya sa wani ya shaƙa ko ya sha irin waɗannan, a fitar da shi iska a garzaya asibiti da kwalbar ko gwangwanin a hannu, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara.

To me zaka yi? Ƙwaro da numfashi yake rayuwa kamar ni da kai, ka toshe masa iska shikenan ka gama da shi. Ka nemi buhun PICS, wanda ake ce wa buhu mai leda biyu. Masana na jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da shi daga binciken da suka fara a arewacin Kamaru, aka soma yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007, kuma a Kano ake ƙera shi. Leda biyu ne masu kauri a ciki da buhu na uku a waje. In ka ɗaure, ƙwarin da ke ciki su da kansu zasu shanye iskar da ta rage, su daina ci, su daina haihuwa, su bushe su mutu, ba ka sa ko ɗigon magani ba. Waken da ka ɗaure a haka zai kai damina yadda ka zuba shi, ko iri ne zai tsiro, buhun kuma in ka kula da shi zai yi maka shekara biyu zuwa uku. Ka lissafa kuɗinsa ka lissafa mudu nawa ƙwaro ke cinyewa a buhu ɗaya, zaka ga ba tsada. Duron ƙarfe mai murfin murɗawa shima aikin ɗaya yake in an cika shi. Ka tuntuɓi malaman gona na ƙaramar hukumarku su nuna maka inda ake samun na gaske.

TAMBAYA: Malam ni fa na sayi buhun mai ledan nan bara na zuba masara amma duk da haka ƙwaro ya ci, har ta ɗan yi baƙi a ƙasa. Anya ba yaudara bace? Daga Bajoga.

AMSA: Ɗan uwa ba yaudara bace, iska ce ta samu hanya, kuma baƙin da ka gani yana nuna masarar bata gama bushewa ba ka ɗaure. Kafin ka zuba komai ka hura kowace leda ka riƙe bakin ka danna, in tana sacewa to ta huje, ko hujin allura ne ya ɓata aikin. Kowace leda daban ake ɗaure ta, ka matse iskar ka murɗe bakin ka lanƙwasa ka ɗaure ta ciki, sannan ta biyu, sannan buhun waje, kuskuren da yawa shine haɗa su suke su ɗaure lokaci ɗaya. Ka sheƙe hatsin sosai don tsinke da guntun totuwa suna huda leda. Ka ɗora a kan katako nesa da bango saboda ɓera, kuma a daina buɗewa ana ɗiba duk sati.

Bushewa kuwa ga gwaji mai sauƙi, ka samu kwalba busasshiya ka zuba masarar da cokali biyu na busasshen gishiri ka rufe ka girgiza ka ɗan jira, in gishirin ya manne a jikin kwalbar to da sauran danshi, a mayar shanya. Masara mai danshi a rufe fumfuna take yi, fumfunar masara da gyaɗa kuma tana iya ɗauke da gubar da ke lalata hanta wadda dafuwa bata kashe ta, wannan ɓangaren da ya yi baƙi kada a ci kada kuma a ba kaji.

TAMBAYA: Ina wuni Malam. Ni amarya ce, kayan garata ne fulawa da semo da taliya suka yi wasu ƙananan ƙwari jajaye, tuwon har wani wari yake. A shinkafa kuma wasu baƙaƙe ne masu dogon baki. Ya zanyi? Daga Pantami.

AMSA: Allah ya sanya alheri ƙanwata. Iri biyu ne kike da su. Mai dogon bakin shine ƙwaron shinkafa da masara da dawa, da bakin nan macen ke huda ƙwayar hatsi ta sa ƙwai a ciki ta liƙe, wajen wata ɗaya sabo ya fito. Shinkafar ki baza ta a inuwa mai iska su gudu, don rana mai zafi tana sa ta karairaye, ki bakace ki wanke ki dafa abinki. Jajayen kuma ƙwaron gari ne, su basa iya huda lafiyayyar ƙwaya sai gari da ɓarzajjen hatsi, kuma su ke fitar da wani ruwa mai wari da ke canza ɗanɗanon tuwo. In kaɗan ne ki tankaɗe da rariya mai laushi ki yi amfani da shi da wuri, in kuwa garin ya canza kala yana warin nan ko bayan tankaɗe, haƙuri za ki yi da shi.

In kuna samun wuta sosai ko kuna da sola, ki ƙulle garin a leda ki sa a firiza kwana huɗu zuwa bakwai yana daskare, zai kashe har ƙwan, in kin fito da shi kada ki kwance sai ya gama hucewa don kada raɓa ta jiƙa shi. Sannan ki fitar da komai daga kabad ɗin ki share lungu-lungu, garin da ya zube a kusurwa nan ne gidansu, ki koma ajiya a bokiti mai murfi, kuma kada ki juye sabon gari a kan tsoho. Shawarata ki raba kayan nan da 'yan uwa tun suna da kyau, gari ba abin ajiyar wata shida bane a zafin nan namu.

TAMBAYA: Kakata toka take zubawa a wake wani lokacin barkono ko ganyen maina, wai da gaske suna aiki? Daga wani ɗalibi, Kashere.

AMSA: Ɗana kakarka ta san abin da take yi, musamman tokar. Sai dai ba barbaɗawa ake ba, kwano ɗaya na wake kwano ɗaya na toka, tankaɗaɗɗiya wadda ta huce, a gauraya a tukunya ko tulu a ƙara wata a sama ta rufe shi ruf. Tokar tana cike ramukan da ke tsakanin waken ƙwaro ya rasa wajen motsi, tana kuma busar masa da jiki, ranar girki a tankaɗe a wanke. Barkono da ganyen maina suna ɗan kora amma basa kai wa tsutsar da ta riga ta shige ciki, kada a dogara da su kaɗai. Man gyaɗa ma yana yi wa na ci, ƙaramin cokalin shayi ɗaya a kilo ɗaya na wake, a murza har kowace ƙwaya ta samu, yana hana ƙwan da ke jiki ƙyanƙyashewa.

Masu tambaya a kan ƙwaron busasshen kifi na Dadin Kowa da na gyaɗa, saƙonninku sun iso, da su zamu fara a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.