Amsa: fim mai kama da mafarki wanda mutane ba su sani ba

Ɗan uwa, ka ce kana neman fim irin mai kama da mafarki, wanda bai yi suna ba amma ya cancanci a so shi. To ni dai kullum wanda nake ba mutane shi ne The Hourglass Sanatorium, fim ɗin ƙasar Poland na 1973, Wojciech Has ne ya ba da umarni, daga labaran marubuci Bruno Schulz, Bayahuden Poland.

Wani mutum ne, Józef, ya hau wani tsohon jirgin ƙasa duk ya lalace zai je duba babansa a asibiti, yana isa likita ya ce masa a can waje baban ya riga ya rasu, amma a nan sun mayar da lokaci baya, don haka yana raye. Daga nan fa sai ya rarrafa ƙarƙashin gado ya ɓulla cikin yarintarsa, ga yanar gizo-gizo ko'ina, ga tsuntsaye cike da ɗaki. Wallahi na kwana biyu yana yi min yawo a kai. Har kyauta fim ɗin ya ci a bikin fina-finai na Cannes da ke Faransa a shekarar da ya fito.

Kuskuren da ake yi shi ne neman labari a jere, babu shi, ka bar hotunan su tafi da kai. Kuma kar ka kalla a waya guntu-guntu, nemi kwafin da aka gyara mai fassarar rubutu a ƙasa.

Akwai tarihin Yahudawan Poland a ciki sosai, shi kansa Schulz 'yan Nazi suka kashe shi a 1942, wannan ɓangaren kam sai ka karanta sharhin masana fim bayan ka gama kallo.