Tambaya da Amsa: Ga Masu Son Fara Kiɗan Hebi Metal a Kebbi

Tambayoyin wannan fitowa sun taru ne a kan hebi metal, kiɗan jita mai nauyi da ya tashi a birnin Bamingam na Ingila a ƙarshen shekarun 1960. Makaɗan jita da masu haɗa sauti na wannan fili ne suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Aliero. Na daɗe ina sauraren wanga kiɗa a waya, yanzu ina son in fara kaɗawa da kaina, ga kuɗina ba yawa. Mi zan fara saye?

AMSA: Wa'alaikumus salam. Abu huɗu kake bukata: jitar lantarki, wayar haɗi, abin da zai fitar da sauti, da fik, wato ɗan robar da ake kaɗa tsirkiya da shi. Fik ɗin ya kai kaurin milimita 1 ko fiye, domin mai laushi yana lanƙwashewa ya bar hannunka a baya idan kiɗa ya yi sauri.

A jikin jitar, ƙarƙashin tsirkiyoyi, akwai maganaɗisun da ke ɗaukar motsinsu. Akwai siriri mai naɗin waya ɗaya, akwai mai faɗi mai naɗi biyu da ake kira hambaka. Nemi wadda ke da hambaka kusa da jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a jikin jitar. Naɗin biyu suna kashe gurnanin wutar lantarki a tsakaninsu, shi kuwa metal kiɗa ne da ake ninka sauti ƙwarai, ƙaramin gurnani sai ya cika ɗaki. Jakin kuma ya zama kafaffe. Ka guji mai lilo irin na Floyd Rose: tsirkiya ɗaya ta tsinke, sauran biyar duk sun sauka daga saiti, kuma mai gyaransa ba ya nan kusa.

Ƙananan samfurori irin su Ibanez GIO, Yamaha Pacifica da Jackson JS sun ishi mai koyo na shekaru. Galibi daga kasuwar Alaba ta Legas ko Sabon Garin Kano ake kawo su, kuma jabu sun yi yawa, don haka kada sunan da ke kai ya ruɗe ka. Ka danna kowane firet, ƙarafan da aka gitta a wuya, ka ji ko akwai mai zuza ko mai kashe sauti. Ka saita tsirkiya da manhajar saiti ta waya, sannan ka danna ta a firet na 12. Harafin da manhajar ta nuna kafin ka danna, shi ya kamata ta sake nunawa. Ka girgiza bakin wayar haɗi a raminta, in ta yi ƙaras-ƙaras akwai gyara. Haɗa da fakiti biyu na tsirkiya mai lambar kauri 10 zuwa 46, don siririyar ta ƙasa ba ta daɗewa.

Amfilifaya, wato na'urar da ke fitar da sautin, mai wat 10 zuwa 20 ta isa ɗaki. In ta gwanjo ce, karanta bayanta tukuna: wadda aka yi wa Amurka tana cin bolt 110 zuwa 120, wutarmu kuwa 230 ce, da ka soka ta ƙone.

TAMBAYA: Malam, na sayi fedal na distoshan, ɗan akwatin nan da ake takawa ya kausasa sautin jita, na murɗa komai har ƙarshe, amma abin da ke fita sai ka ce gidan zuma, babu nauyi ko kaɗan. Fedal ɗin ne jabu? Daga Birnin Kebbi.

AMSA: Da wuya laifin fedal ne, ɗan'uwa. Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a yau, domin nauyin metal a hannun dama yake, na'ura ƙara shi kawai take yi.

Fara da maɓallai. Wanda aka rubuta Gain a kansa, mayar da shi tsakiya, 5 ko 6 cikin 10. Idan ya yi yawa yana matse sauti har bugu mai ƙarfi da mai rauni su zama ɗaya, sai kaifin farkon kowane bugu ya ɓace, alhali kaifin nan shi kunne ke ji a matsayin nauyi. Na Mid kada ya gaza 5. Masu koyo suna son kashe shi don yana daɗi in mutum shi kaɗai ne, amma a nan muryar jita take zaune. Ranar da ganguna da bes, jitar nan mai kaurin murya, suka shigo ba wanda zai ji ka. Na Bass ka bar shi a 4 ko 5.

Sai hannu. Ɗora gefen tafin hannunka na dama, naman da ke ƙasan ƙaramin yatsa, daidai inda tsirkiyoyi suka hau jaki, ka kaɗa ta sama mai kauri zuwa ƙasa. Za ka ji "jum, jum" a dunƙule. In ka matso gaba da yawa sauti ya mutu, in ka koma baya ya saki; tazarar ba ta wuce faɗin yatsa ba, sai ka lalubo ta da kunne. A hannun hagu, manuniya a firet na 5 na tsirkiya ta shida, wato ta sama mai kauri, yatsan zobe a firet na 7 na ta biyar. Wannan damƙa ta sauti biyu ita ce tubalin kiɗan, kuma haka ake jan ta sama da ƙasa a wuya. Cikin manuniyar ya kwanta a hankali kan sauran tsirkiyoyin ya rufe musu baki. Rabin hayaniyar da kake ji daga tsirkiyoyin da ba ka kaɗa ba take fitowa.

Sauke manhajar metronom, mai ƙyasta lokacin kiɗa, ka sa ta a ƙyas 70 a minti, bugu biyu a kowane ƙyas, duka zuwa ƙasa. Sai ka yi minti biyu ba tuntuɓe sannan ka ƙara 4. Minti 30 kullum ya fi awa huɗu ranar Lahadi. Motsin daga wuyan hannu yake fitowa, ba daga gwiwar hannu ba. Da ka ji zafi mai tsira a wuyan hannu, ajiye jitar. Ka riƙa ɗaukar kanka da waya, domin kunnen mai kaɗawa yana yi masa ƙarya.

In kana son ƙarin zurfi, sassauta tsirkiya ta shida daga E zuwa D, sai yatsa ɗaya ya riƙe damƙar nan. Sassauta tsirkiya tsohuwar dabara ce: Tony Iommi na ƙungiyar Black Sabbath ya rasa kan yatsunsa biyu a masana'antar ƙarfe yana ɗan shekara 17, kuma zuwa 1971 ya sauke saitin jitarsa ƙasa sosai, abin da ya sauƙaƙa wa yatsun ya kuma ƙara wa sautin duhu. In za ka sauke dukkan shidan, koma tsirkiya mai kauri, 11 zuwa 54 ko kusa da haka, in ba haka ba za su yi lagwai-lagwai su ƙi tsayawa a saiti.

TAMBAYA: In muka tada janareta, amfilifaya sai ta yi ta gurnani, wani lokaci tsirkiya na ɗan jan yatsuna. Ina mafita? Daga Yauri.

AMSA: Jan nan shi ne abin tsoro, gurnani mai sauƙi ne. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin wayar haɗi. In soket ba shi da wayar at, wadda ake binnewa a ƙasa, duk wutar da ta zurare sai ta nemi hanya ta jikinka, musamman in leɓenka ya taɓa makirfo alhali hannunka na kan tsirkiya. An rasa makaɗa ta wannan hanya. Daina kaɗawa har mai gyaran wuta ya kafa sandar at ya haɗa ta da soket da jikin janareta. Kada a karya ƙafa ta uku ta fulogi, kada kuma a yi kiɗa ba takalmi a kan siminti.

Gurnani kuwa, bi shi ɗaya bayan ɗaya. Mayar da sautin jitar sifili: in ya ɗauke, daga maganaɗisu yake shigowa, sai ka nisanci fanka, cajar waya da ƙwan fitila mai araha. In da laftof kake aiki, zare cajarta ka gani. Inbata mai araha ba ta fitar da wuta mai santsi, kuma ba fedal da zai gyara wannan. Hattara da adafta: yawancin fedal suna cin bolt 9 ne mai nagetif a tsakiya, adaftar kibod da yawa kuwa 12 ce mai fozitif a tsakiya. Bakinsu na iya shiga, fedal ya ƙone nan take.

TAMBAYA: Tun da hunturu ya shigo tsirkiyoyina ke zuza, bakin ƙarafan wuya kuma na yankar hannu. Daga Argungu.

AMSA: Katako ne ya bushe ya tsuke, ƙarfe kuwa bai tsuke ba. Jita ta fi son danshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin 100, hunturunmu kuwa yana sauka ƙasa da haka nesa. Ajiye ta cikin jakarta tare da soso mai ɗan danshi a robar da aka huda, kada ruwa ya taɓa katako. Danna tsirkiya ta shida a firet na farko da na ƙarshe, ka duba tsakiya wajen na 8: a samu rata kamar kaurin katin gaisuwa, wajen milimita 0.25. In babu, sassauta sandar ƙarfen cikin wuya da alanki, rubu'in juyi kawai zuwa hagu, ka bari ta kwana. In ta cije kada ka tilasta. Da damina za ka iya bukatar mayar da ita. A bazara kuma, kada ka bar jita cikin mota ko jingine da bangon da rana ke duka.

TAMBAYA: Ina gwada muryar gurnani irin tasu da Hausa, amma bayan minti goma maƙogwarona ya dushe, kuma abokaina ba sa gane abin da nake faɗa. Daga Jega.

AMSA: Dushewa alama ce ta cewa matse maƙogwaro kake yi. Masu yin abin daidai ba ihu suke ba. Iska ce daga ciki ke kaɗa wasu naɗe-naɗen nama da ke saman igiyoyin murya, makirfo ya ƙara sauran. Fara da nishin gajiya mai zurfi, a hankali, maƙogwaro a sake, bayan ka ɗumama murya da furta "mmm" baki a rufe na minti biyar. Minti biyar zuwa goma a rana ya isa da farko, da ruwa a kusa, balle lokacin ƙura. Zafi, ƙaiƙayi ko tari na nufin tsaya. Dushewar da ta wuce mako biyu, sai likitan kunne, hanci da maƙogwaro.

Rashin ganewar kuwa yana da dalili. Hausa tana rarrabe kalmomi da hawa da saukar murya da kuma tsawon wasali, gurnani kuma yana shafe hawa da saukar. Don haka tsawon wasali ne kaɗai ya rage maka: gaɓa mai nauyi ta samu dogon bugu, mai sauƙi ta samu gajere. Rubuta baitin tukuna, ka karanta shi da ƙarfi, ka gina kiɗan jitar a kan tafiyarsa. Amshi kuwa a yi shi da murya tsantsa, mutum biyu ko uku, yadda 'yan amshi ke karɓa wa makaɗan fada. A ganinmu nan ne ƙarfin ɗan Kebbi yake. Kiɗan dambe da na 'yan tauri suna da zafin da metal ke nema. Ɗauki bugun kalangunsu ka mayar da shi kan tsirkiya ta shida. Ƙungiyar Arka'n Asrafokor ta birnin Lome a Togo da gangunan gargajiyarsu ta yi suna.

TAMBAYA: Ɗana ya rungumi wannan kiɗa, ni kuma an ce mini na masu bautar Shaiɗan ne. Ku gaya mini gaskiya. Wani uba daga Birnin Kebbi.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma. Gaskiya ne akwai ƙungiyoyin Turai da Amurka da ke sa irin waɗannan zane-zane da kalamai, wasu don jan hankali, wasu da gaske. Amma ba sharaɗin kiɗan ba ne. Salon kaɗa jita da ganguna ne, kuma akwai masu yin sa a kan yaƙi, tarihi da zalunci. Hukuncin kiɗa a addini na malamai ne, a tambaye su. Abin da za ku iya yi shi ne ku ce ya fassara muku baitocin da yake saurare, ku ga waɗanda yake rubutawa, ku duba sallarsa, karatunsa da abokansa.

Ga yaron kuma: a 2003 an gurfanar da matasa 14 masu wannan kiɗa a Kasabalanka ta Maroko, baƙaƙen riguna masu zane suna cikin abin da aka kafa hujja da shi. Kebbi jiha ce mai shari'a da Hisba. Bar ƙoƙon kai da alamomin da ba naka ba, nemi izini kafin kowane taro, kada ka wasa ɗan ta'adda. Ambaliyar da ke cinye shinkafar fadama, haɗarin jirgin ruwa a kogin Neja, tarihin Kanta da ganuwar Surame, duk suna jiran mai waƙa.

TAMBAYA: Ba ni da mai ganguna. Zan iya ɗaukar waƙa ni kaɗai? Kuma kunnena na yin ƙara bayan atisaye. Daga Zuru.

AMSA: Za ka iya. Sayi sawunkad, akwatin da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, ƙarami irin Behringer UMC22 ko Focusrite Scarlett Solo, ka soka jitar a ramin da aka rubuta Inst. Manhajar ɗaukar sauti ta Reaper tana ba da gwajin kwana 60. Hydrogen na tsara ganguna kyauta. Neural Amp Modeler na kwaikwayon amfilifaya kyauta, amma sai ka haɗa masa fayil ɗin da ke kwaikwayon akwatin lasifika, in ba haka ba sautin zai yi tsami. A cikin saitin manhajar, sa bafa (Buffer) a 128 don kada sauti ya makara, kada kuma allurar da ke nuna ƙarfin sauti ta wuce -6. Kaɗa jitar sau biyu daban-daban, ɗaya hagu ɗaya dama. Kwafe ɗauka ɗaya ba ya ba da faɗi, ƙara kawai yake ƙarawa. Mai ganguna na gaske kuwa, leƙa wajen makaɗan coci da na bikin aure a nan Zuru. Wanda ke riƙe lokaci daram zai koyi buga babbar ganga da feda biyu daga baya.

Ƙarar kunne gargaɗi ce, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Ma'aunin masana shi ne desibel 85 na awa 8, kowane ƙarin 3 yana raba lokacin biyu, wato 100 minti 15 ke nan, ganguna a ƙaramin ɗaki kuwa suna wuce haka. Sayi toshiyar kunne ta soso a kemis ko shagon kayan gini, ka murza ta ta sirance, ka ja kunnen sama da ɗaya hannun, ka tura ka riƙe daƙiƙa 30 har ta kumbura. Auduga ba ta tare komai. Ɗaga amfilifaya kan kujera ta fuskanci kanka don kada ka yi ta ƙara mata murya, hedifon kuma kada ya wuce kashi 60 na ƙarfinsa. In ƙarar ta kwana biyu ba ta ɗauke ba, je a auna jinka.